RA'AYI: Kafin jirgi ya zo Damagaram, a fara ƙirga kayan da zai ɗauka

Duk lokacin da aka taɓo zancen sufuri a Damagaram, buri biyu ne ke fitowa daga bakin jama'a: layin dogo da zai iso Zinder, da kuma jirgin sama da zai riƙa tashi zuwa Yamai a kan lokaci. Burin yana da dalili. Tsakanin Zinder da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 900, kuma duk wanda ya taɓa shiga bas da asuba ya sauka cikin dare ya san abin da wannan nisa ke ci na lokaci da lafiya da aljihu. Ga shi kuma jahar Damagaram ce ta fi kowace jaha yawan jama'a a ƙidayar 2012, inda aka samu mutum sama da miliyan 3 da rabi.

Abubuwa biyu sun sake tayar da zancen. Na farko, layin dogon da Najeriya ke shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa Daura, wato bakin ƙofar Damagaram. Na biyu, shawarar da ministocin kuɗi na ƙasashen ƙawancen AES suka bayar a Bamako cikin Nuwamban 2023 ta kafa kamfanin jiragen sama na haɗin gwiwa, tare da zancen layin dogo da zai haɗa Bamako da Wagadugu da Yamai.

Sai dai akwai wasu mutane da ba a cika jin muryarsu a irin wannan muhawara ba, alhali su ne ke yanke hukuncin ko kuɗi zai fito ko ba zai fito ba. Su ne masu nazarin harkokin kuɗi da ke aiki wa bankuna da kamfanonin zuba jari da cibiyoyin auna ƙarfin biyan bashi. Aikinsu shi ne duba littattafan kamfanonin jiragen sama da na masu ƙera jirage da na jiragen ƙasa, su faɗa wa masu kuɗi inda riba take da inda asara ke jira. Matsayin wannan kafa shi ne, ya kamata hukumomi da 'yan kasuwar Damagaram su saurari lissafin waɗannan mutane tun kafin a ci bashi, domin tambayarsu ta farko ita ce wadda aka fi yawan tsallakewa a nan: wane kaya ne, kuma wane fasinja ne, zai biya kuɗin?

Jirgin sama: kuɗi da yawa, riba kaɗan

A idon mai kallo, babu sana'ar da ta kai ta jiragen sama alamar arziki. A idon mai nazarin kuɗi kuwa, tana cikin sana'o'in da suka fi wahalar ba da riba. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, sun nuna cewa a 2024, shekarar da aka ɗauka mai kyau, ribar da ta rage wa kamfanonin duniya baki ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kuɗin da suka shigo ba. Idan aka raba ta bisa yawan fasinjoji, kowane mutum ɗaya ya bar wa kamfani kimanin dala 7. A Afirka kuwa abin da ke saura a kan fasinja ɗaya bai wuce dala 1 da 'yan kai ba. A shekarar 2020 da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, asarar kamfanonin ta haura dala biliyan 130.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Man jirgi kaɗai yakan cinye rubu'i zuwa sulusin kuɗin da kamfani ke kashewa, kuma a filayen jiragen Afirka ya fi tsada. Hayar jirgi da kayan gyara da inshora da horar da matuƙa duk da dala ake biya, yayin da tikitin Zinder zuwa Yamai da sefa ake sayar da shi. Kujerar da ta tashi babu kowa a kanta ta tafi ke nan, ba kamar buhun wake ba da za a iya ajiyewa a sito har farashi ya gyaru. Shi ya sa ma'aunin da masu nazari suka fi sa wa ido shi ne yawan kujerun da aka cika. A duniya adadin ya kai kusan kashi 83 cikin 100 a 2024, a Afirka kuma yana wajen kashi 75, mafi ƙanƙanta a tsakanin nahiyoyi.

Attajirin Amurka Warren Buffett, wanda masu zuba jari ke bibiyar duk motsinsa, ya ba da misalin da har yanzu ake kafa hujja da shi. A 2020 kamfaninsa na Berkshire Hathaway ya sayar da dukan hannayen jarin da yake da su a manyan kamfanonin jiragen saman Amurka huɗu, wato Delta da American da United da Southwest, ya kuma ɗauki asara. Amma kamfanin jiragen ƙasa na BNSF da ya kammala saye a 2010, a cinikin da ya kimanta shi a kan dala biliyan 34, yana nan a hannunsa har yau.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga gawarwakin kamfanoni. Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ya durƙushe a 2002 da tarin bashi. Air Niger ya rufe tun farkon shekarun 1990. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003. South African Airways ya faɗa hannun masu ceto a ƙarshen 2019 bayan shekaru yana shan kuɗin baitulmali. Nigeria Air da aka ƙaddamar a Abuja cikin Mayun 2023 bai taɓa ɗaukar fasinja ko ɗaya ba. A gida kuma, Niger Airlines da ya fara jigila a 2014 da jiragen Fokker 50 na haya daga kamfanin Falasɗinu ya haɗa Zinder da Yamai da Agadas da Diffa, amma mazauna Zinder sun san sau nawa jigilar ta katse.

Waɗanda suka tsira suna da siffa ɗaya. Ethiopian Airlines mallakar gwamnati ne ɗari bisa ɗari, amma 'yan siyasa ba su tsoma baki a gudanar da shi, kuma ya mayar da Addis Ababa mahaɗar da fasinjojin nahiyar ke sauya jirgi. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 ya ɗauki fasinjoji sama da miliyan 17, ya shigar da kimanin dala biliyan 7. ASKY da ke Lome, wanda ya fara tashi a 2010, ya tsaya da ƙafafunsa ne saboda bankunan yankin sun zuba jari, Ethiopian kuma ya riƙe wani kaso tare da kawo ƙwarewa. A arewacin Najeriya ma, abin da ya riƙe Kabo Air a zamaninsa da Max Air a yau shi ne jigilar alhazai, wato fasinjan da aka san yawansa da ranar tafiyarsa, ya kuma biya tun kafin jirgi ya iso.

Masu ƙera jirage ba su jiran Nijar

Ko da kuɗin na nan, sayen sabon jirgi ba kamar shiga kasuwar Dole ba ne a yi ciniki a fito da kaya. Kamfanoni biyu ne suka mamaye ƙera manyan jiragen fasinja, Airbus na Turai da Boeing na Amurka. A 2024 Airbus ya miƙa jirage 766, yana kuma da odar sama da 8,600 da ke jira, wato aikin fiye da shekara goma. Boeing ya miƙa 348 kawai, ya kuma tafka asarar kusan dala biliyan 12 a shekarar, sakamakon matsalolin da suka biyo bayan haɗurran samfurin 737 MAX a Indunusiya cikin 2018 da Habasha cikin 2019, da ɓallewar wani sashen jikin jirgi a sararin samaniyar Amurka cikin Janairun 2024.

Masu nazari na kallon wannan dogon layi a matsayin alheri ga masu hannun jari a Airbus, domin ciniki ya tabbata na shekaru. Ga ƙaramin kamfani a Sahel kuwa, ma'anarsa ita ce babu sabon jirgi nan kusa, kuma hayar tsoho ta yi tsada. Fiye da rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, kuma masu ba da hayar, irin su AerCap da ke Ireland, sukan duba abu biyu kafin su saki jirgi: shin za a biya su da dala a kan lokaci, kuma shin kotun ƙasar za ta bari su ɗauke kayansu idan aka kasa biya? Ƙasar da amsarta ba ta gamsar ba takan biya haya mafi tsada, fasinja kuma shi ke ɗaukar nauyin a kan tikiti.

Wannan ne ya sa irin jirgin da ya dace da Zinder shi ne ƙarami mai farfela, kamar ATR 72 mai kujeru kusan 70, wanda ba ya shan mai sosai a gajeriyar tafiya. Ko shi ɗin ma sai an samu mutum hamsin da za su biya tikiti a kowane tashi, zuwa da dawowa, duk mako, da rani da damina. Ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji da manyan 'yan kasuwa ne ke iya wannan, kuma da yawa daga ma'aikatan agaji suna da jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya na UNHAS.

Jirgin ƙasa: riba tana cikin kaya

Ra'ayin masu nazari game da jirgin ƙasa ya fi daɗin ji, amma da sharaɗi. Kamfanonin da suke yabawa, irin su BNSF da Union Pacific a Amurka ko Canadian National a Kanada, kaya suke ɗauka: hatsi da kwal da sinadarai da kwantenoni, a kan layukan da aka gama biyan kuɗin shimfiɗa su tun zamanin kakanni. A cikin kowace dala 100 da suka samu, kimanin 60 ke tafiya a hidimar aiki, sauran kuma riba ce kafin haraji da kuɗin ruwa. Jirgin fasinja kuwa, a mafi yawan ƙasashe, gwamnati ce ke cike masa giɓi.

Sabon layi a Afirka lissafinsa daban ne, domin kuɗin shimfiɗawa bashi ne da za a biya da kuɗin waje. Kenya ta buɗe layin Mombasa zuwa Nairobi a 2017 a kan dala biliyan 3.6, mafi yawa bashi daga bankin Exim na Sin, kuma sai da gwamnati ta tilasta wa masu shigo da kaya amfani da jirgin domin a samu na biyan bashi. Habasha ta nemi a tsawaita mata wa'adin biyan bashin layin Addis Ababa zuwa Jibuti. Duka biyun layuka ne da ke haɗa babban birni da tashar teku, inda kaya ya fi ko'ina yawa.

Nijar tana da nata darasi, kuma yana kwance a fili ga duk matafiyin da ya bi hanyar Yamai. A Janairun 2016 aka yi bikin buɗe layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa. Niyyar ita ce a haɗa shi da Parakou, inda layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya. Amma shari'ar da aka yi a Benin tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na attajiri Samuel Dossou kan wanda ke da haƙƙin aikin ta tsayar da komai. Layin bai isa teku ba, bai haɗu da wani layi ba, bai kuma taɓa yin jigilar kasuwanci ba. A ƙarshen 2022 Bolloré ya sayar da harkokin sufurinsa na Afirka ga kamfanin MSC a kan yuro biliyan 5.7 ya kama gabansa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Damagaram ta taɓa ganin abin da dogo ke yi

Tarihin Zinder kansa hujja ce a kan cewa hanya ce ke ɗaga gari, ita ce kuma ke kwantar da shi. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni a tsakiyar ƙarni na 19, Zinder ta yi arziki ne saboda ayarin da ke tasowa daga Kano zuwa Agadas da Gat da Tarabulus a nan yake yada zango. Unguwar Zango daga nan ta samo sunanta, kuma fatake irin su Malam Yaro sun yi suna ne a wannan fatauci na fatu da gashin jimina da tufafi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da ke ratsa hamada a bayan raƙuma suka juya kudu zuwa Legas, fataucin Sahara ya mutu a cikin 'yan shekaru. A 1926 Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulki daga Zinder zuwa Yamai.

Bayan haka sai gyaɗa ta zo. Gyaɗar Magarya da Matamaye ta riƙa bin hanyar da ta fi kusa, wato tashoshin jirgin ƙasa na Kano da Nguru, inda dogo ya isa a 1930. A shekarun 1950 Faransa ta ƙirƙiro shirin da ta kira Hirondelle, ta ba da tallafi domin a karkatar da gyaɗar ta Parakou da Kwatano, duk da cewa hanyar ta fi tsawo nesa ba kusa ba. Siyasa ce ta zana wannan hanya, kuma ba ta iya tsayawa sai da tallafi. Kasuwar Damagaram tun asali kudu take kallo, kuma har gobe shanu da tumaki da wake da riɗi da rake ta Ɗan Barto da Magarya da Dungas suke fita zuwa kasuwannin Mai'aduwa da Maigatari da Dawanau.

Lissafin Zinder zuwa Daura

Idan haka ne, layin da ya fi kusa da hankali ga Damagaram shi ne reshe daga Zinder ta Matamaye zuwa Daura, ya haɗu da layin Kano zuwa Maraɗi. An aza harsashin wannan layi a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na Portugal ne ke aikin, a kan kusan dala biliyan 2. Tsawonsa kilomita 284 ne, da reshe na kilomita 93 zuwa Dutse. An tsara kammala shi cikin shekara uku, amma wa'adin ya wuce saboda neman kuɗi ya ɗauki lokaci.

Daga waɗannan alƙaluma kowa na iya yin lissafi. Kowane kilomita ɗaya ya tashi a kan kimanin dala miliyan 5. Idan aka ƙaddara cewa reshen Zinder zai kai kilomita 130 zuwa 150, ana zancen dala miliyan 700 ne ko kusa da haka, wato wajen sefa biliyan 400. Kasafin kuɗin Nijar baki ɗaya na 2025 ya ɗan haura sefa biliyan 3,000 ne. Ke nan reshe ɗaya zai ci fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke kashewa a shekara, tun kafin a sayi kan jirgi ko tarago ɗaya.

Mai ba da bashin wannan kuɗi zai fara da duba sunan ƙasar a kasuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO da UEMOA, wanda ya hana Nijar biyan basussukanta na watanni, cibiyar Moody's ta sauke matsayin ƙasar daga B3 zuwa Caa2, sannan zuwa Caa3 a Fabrairun 2024. Wannan matsayi na nufin bashi mai tsada da gajeren wa'adi. Dala miliyan 400 da kamfanin CNPC na Sin ya ba Nijar a Afrilun 2024 a kan ɗanyen mai, na shekara ɗaya ne da kuɗin ruwa kashi 7 cikin 100. Layin dogo kuwa yana buƙatar bashin shekara 25 ko 30 mai sauƙin ruwa.

Daga nan zai duba iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Sau biyu ke nan cikin shekara biyar, kuma jirgin da aka tsayar a Kwangwalam ba zai iya bin ɓarauniyar hanya ba kamar yadda mai babur ke yi. Zai kuma duba tsaro, domin harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris na 2022 ya tsayar da layin har watan Disamba.

A ƙarshe zai dawo kan kaya. Mutane da yawa na ambaton matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 a arewacin Zinder, mai tace ganga 20,000 a rana. A farkon shekarunta tana da rarar da ake fitarwa waje. Amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, man sumoga ya ragu, buƙatar cikin gida ta ƙaru, har aka yi fama da ƙarancin fetur a Maris na 2025. Ɗanyen man Agadem kuma bututu yake bi zuwa Seme a Benin. Dabbobi da wake da riɗi suna da yawa, sai dai na lokaci ne, a warwatse suke a kasuwannin ƙauye, kuma kaso mai yawa na ƙetare iyaka ba tare da an rubuta shi a littafin kwastan ba. Abin da ba a rubuta ba, banki ba ya ba da bashi a kansa.

Inda lissafin masu jari ya tsaya

Wannan ba ya nufin cewa duk abin da mai nazarin kuɗi ya ƙi, to ba shi da amfani. Ma'auninsa ribar mai hannun jari ce, ba ya ƙirga ran da aka ceto saboda an rage tireloli a kan hanyar Takeita, ko majinyacin da ya isa asibitin Yamai cikin awa biyu, ko farashin siminti da taki da zai sauka a Gure da Tanut. Ba don gwamnatoci sun rufe ido sun kashe kuɗi ba, da babu dogo a Kano, da babu hanyar da ta haɗa Yamai da Diffa. Haka kuma masu nazarin da ke zaune a Landan da Abijan ba su san girman cinikin da ke gudana a Maigatari ranar Alhamis ba. A kasuwar hannayen jari ta BRVM ma kamfani ɗaya tak ne na Nijar, wato bankin BOA, don haka ba su da littafin wani kamfanin sufuri na ƙasar da za su duba.

Gwamnati na da hurumin cewa za ta ɗauki asara saboda amfanin jama'a. Sharaɗin shi ne ta faɗi adadin asarar a fili, ta faɗi inda za ta samo kuɗin cike ta, ta kuma bari jama'a su auna. A garin da matan Garin Malam da Kara-Kara ke bin 'yan garuwa duk bazara saboda ruwan Gogo da Arunguza da Ganaram bai wadatar ba, kowace sefa da aka zuba a jirgi an hana ta wani wuri ne. Mutanen Damagaram suna da haƙƙin sanin abin da aka fifita a kan ruwan shansu, da dalilin fifita shi.

Abin da ya kamata a yi

Mataki na farko ba ya buƙatar bashi. Hukumomin jaha da reshen Zinder na majalisar 'yan kasuwa da jami'an kwastan, tare da malaman tattalin arziki na Jami'ar André Salifou, su ƙirga kayan da ke fita da shiga ta Ɗan Barto da Magarya da Dungas na tsawon shekara guda cur: tan nawa, wane iri, a wane wata, daga ina zuwa ina. A buga sakamakon kowa ya gani. Da wannan takarda ce kaɗai za a iya zama da BOAD ko Bankin Raya Afirka ko Bankin Musulunci a yi magana ta ilimi. 'Yan kasuwar da ke ɓoye yawan kayansu saboda tsoron haraji su sani cewa suna ɓoye hujjar da za ta kawo musu dogo ne.

Na biyu, kafin dogo ya iso Zinder, Zinder na iya zuwa wurin dogo. Gyara hanyar Takeita zuwa Matamaye zuwa Ɗan Barto, rage shingayen karɓar na goro, da gina tashar tara kaya ta kan tudu mai sito da sikeli da ofishin kwastan guda, za su sa tirela ta kai kaya tashar Daura cikin 'yan awoyi. Kuɗin wannan bai kama ƙafar na reshen dogo ba, kuma shi ne gwajin da zai nuna ko kayan sun isa a shimfiɗa ƙarfe. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 take kuma da mazauni a Yamai, ita ce wurin da ya dace a nemi yarjejeniyar da za ta kare jigilar kaya daga rufe iyaka idan siyasa ta yi zafi.

Na uku, duk layin da za a zana nan gaba ya kasance mai faɗin da zai haɗu da na maƙwabta. Layin Dosso faɗin mita ɗaya ne, na Kano zuwa Maraɗi kuma mita 1.435. Jirgin ɗaya ba ya hawa ɗayan. Kada a fara shimfiɗa ko kilomita ɗaya sai an tabbatar da inda ƙarshen layin zai haɗu, da wanda ke da haƙƙin aikin a shari'ance, da kuɗin kammala shi gaba ɗaya.

Na huɗu, game da jirgin sama, abin da Zinder ke buƙata shi ne jirgi mai zuwa a ranar da aka ce zai zo. Filin jirgin ya samu gyara lokacin bikin Zinder Sabuwa na 2018, saura abin da zai riƙa sauka a kai. Hanya mafi arha ita ce gwamnati ta fitar da tayin kwangila a fili: tashi kaza a mako tsakanin Yamai da Maraɗi da Zinder da Diffa, da ƙaramin jirgi, a kan farashin da ba zai wuce kaza ba, kamfanin da ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta shi ya samu, a kuma yanke masa kuɗi duk ranar da ya fasa tashi. Idan ƙasashen AES sun dage a kan kamfanin haɗin gwiwa, to su ɗauki darasin ASKY, su nemi abokin aiki mai ƙwarewa, su hana ministoci naɗa 'yan uwa, su tilasta wa ma'aikatun gwamnati biyan kuɗin tikiti nan take, su kuma riƙa buga asusun kamfanin duk shekara. Air Afrique ya nuna abin da ke faruwa idan ƙasashe da yawa suka mallaki jirgi ɗaya, kowa na hawa, babu mai son biya.

Sarakuna da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin farar hula na Damagaram suna da rawar takawa. Duk jami'in da ya zo da alƙawarin dogo ko jirgi, a tarbe shi da mutunci, sannan a yi masa tambayoyin da banki zai yi masa: nawa ne kuɗin, wa zai bayar, a kan ruwa nawa, shekara nawa za a biya, kuma tan nawa na kaya aka ƙirga? Wanda ya zo da amsa a rubuce, a mara masa baya. Wanda ya zo da hoton jirgi kawai, a tuna masa da ƙarafan da ke kwance tsakanin Yamai da Dosso tun 2016.